MEYO WANTI

Shafi na 31

"Miƙo hannunka a ƙulla, in dai ka isa namiji."

Baffa Dogara ne ya faɗi haka, yana kishingiɗe a kujerar shagonsa na tura kaya a benen Tianxiu, ƙafa ɗaya a kan kwalin takalma. Da gangan ya ja kalmar namiji, ya kuma san inda za ta sauka.

Ta kuwa sauka. Abdulrasheed ya ji ta har ƙasan mararsa, daidai inda aka ɗinke shi.

"Baffa, a maimaita sharaɗin, Alhaji ya ji da kunnensa."

Alhaji Alhasan ya ajiye kofin shayinsa. Badamagare ne, dattijon da Hausawan unguwar Xiaobei ke kai wa magana in ta gagari kowa. Karatu ya kawo shi China tun yana saurayi, ya zauna, ya auri Musulmar ƙasar, har Sinanci ya zauna masa a baki kamar tuwo.

"Ina ji," ya ce. "Bakano in zai yi ciniki ai sai da shaida. In ba haka ba gobe ya ce da aljani ya yi."

"Alhaji, ajiye wasan Damagarawa yau." Baffa ya gyara hula. "Sharaɗi ɗaya ne. Mu koma wurin likitan da ya yi masa aiki, a sake auna shi. In ya maimaita abin da ya gaya min, cewa yaron nan shi da haihuwa sai a lahira, to nan take ya sauwaƙe wa matarsa Firdausi. A sa ta a jirgi ta je ta nemi mai cikin. Gidanmu ba a yi mana dashe."

"In bai maimaita ba fa?"

"Zai maimaita."

"Baffa, ciniki fuska biyu gare shi. Kai ka koya min."

Baffa ya yi dariya har da dukan cinya.

"To faɗi naka, mu ji."

Baffa ƙanen mahaifin Abdulrasheed ne, shi ya kawo shi ƙasar nan, yaron bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba sai yau.

"Duk inda ka kai maganar nan, can za ka bi ka kwaso ta. Ranar Juma'a, a gidan abincin Hajiya Wasilatu, gaban mutanen da ka gaya wa. Sannan ka yi saƙon murya a gurup ɗin gidanmu, inda ka fara saka ta, Hajiyata ta ji. Sannan ka je gaban Firdausi..."

"In yi me?"

"Ka cire hula."

"Ni? In cire wa sa'ar 'yar cikina hula?" Baffa ya miƙe zaune. "Na yarda! Har ragon suna na ƙara maka gyara, tunda ba sunan za a yi ba."

Alhaji Alhasan ya dubi Abdulrasheed ta saman tabarau.

"Ɗana, ka ga abin da ka ɗora a faifai? Aure ne fa, ba kwantena ba. A shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, ba sai lokotoro ya sa hannu ba."

"Na sani, Alhaji. Amma Hajiyata ta ce in ban rabu da ita ba, ba za ta yafe min nononta ba. Ni kuma na gaji da raba dare ina lissafin abin da ban sani ba. Gara a fasa ƙwan kowa ya huta."

"A gidanku maganar fasa ƙwai ai sai a hankali," in ji Badamagare.

Ko Baffa sai da ya murmusa.

Suka tafa. Alhaji ya sa gefen tafinsa ya raba hannuwan biyu.

An ƙulla.

*

Wanda bai san mafari ba, ga shi a taƙaice.

Shekarar da ta wuce waccan, a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ana lodin tayil. Kaya sun danno ƙofar kwantena daga ciki, Abdulrasheed ya je zai saki ƙarfen makullin, ƙarfen ya ƙwace ya yi sama. Bai same shi a ƙirji ba, bai same shi a gwiwa ba. Inda namiji ba ya so a taɓa, can ya nufa.

Ya zube ko ihu bai iya ba. Sai amai. Kafin a ɗauke shi wurin ya kumbura ya yi baƙi kamar ruɓaɓɓen gauta.

Masu shawara suka taru. Wannan ya ce a shafa man zafi, wancan ya ce a gasa da ruwan ɗumi, ai kowane namiji ya taɓa shan irin wannan a filin ƙwallo. Baffa Dogara ne ya daka musu tsawa, ya cusa shi a mota sai asibiti. A ranar aka shiga da shi tiyata. Na hagu ya fashe, ba ya ɗinkuwa, aka cire.

Yana kwance allurar barci ba ta sake shi ba, Baffa ya tare likita a baranda ya yi masa tambaya. Da yaro ya farfaɗo, Baffa ya zauna bakin gado ya ce:

"Abdu, sai haƙuri. Na tambayi likita maganar haihuwa. Ya ce babu."

Shi ke nan. Abdulrasheed ya haɗiye ta da ƙashinta. Bai koma ya tambaya ba, ga kuwa waya a aljihunsa mai fassara kowane yare. Amma wane namiji ne zai buɗe baki ya yi wa waya irin wannan tambayar? Matarsa ma bai gaya mata ba. Ta san an yi aiki, ta yi jinya, ta ga ya warke ya koma yadda yake, ta gode wa Allah.

Sai ga ciki.

Ranar da ta gaya masa a gidansu na unguwar Panyu, tana dariya tana rufe fuska, shi kuwa ya yi tsit kamar an aiko masa da rasuwa. Kafin mako ya zagayo Baffa ya ji. Kafin wani makon Kano ta ji, Xiaobei ta ji, har masu tura amalanken kaya sun ji.

Firdausi ta yi alwala, ta ɗauko Alƙur'ani ta rantse masa.

Ya dubi ƙasa.

Ta haɗa kayanta ta koma wurin Hajiya Wasilatu, mutuniyar zangon Kumasi mai sayar da abinci. Tun cikin bai fito ba take can. Yanzu ya tsufa.

*

Kafin ranar komawa asibiti an yi abin da za a yi. An ɗebi jini. An shafa masa wani mai mai sanyi an ɗora na'urar hoto. An kuma miƙa masa 'yar roba aka nuna masa wani ɗaki. Abin da ya wakana a ɗakin nan, mu bar shi tsakanin bawa da Ubangijinsa.

Ranar amsa su uku suka shiga. Baffa ya sha babbar riga, har da turare, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Likitan dattijo ne, siriri, gashinsa ya yi fari. Ya daɗe yana duban kwamfuta yana gyaɗa kai.

Alhaji Alhasan ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya ɗaga hannu.

"A'a! Kar Badamagare ya sa min gishiri a miya. Yadda na tambaye shi wancan karon, haka zan tambaye shi yau. Kowa ya kasa kunne."

Sinancin Baffa dai kalmomi ne da ba su cika hannu ba: nihao ta gaisuwa, shiyeshiye ta godiya, laoban ta kiran mai shago, sai meyo. Sauran kalkuleta ce ke yi masa. Da su ya gina bene a Kano, don haka ba mai gaya masa bai iya ba.

Ya matsa gaban tebur.

"Laoban!"

"Lokotoro ne fa, ba mai shago ba," Alhaji ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Laoban!" Ya nuna Abdulrasheed. Ya haɗa hannuwa a ƙirji yana jijjigawa kamar mai rarrashin jariri. "Bebi? Bebi?"

Likita ya yi murmushi. Ya ɗaga tafin hannu yana kaɗawa.

"Meyo wanti. Meyo wanti."

"Allahu Akbar!"

Baffa ya yi tsalle har babbar riga ta kwashe biro daga kan tebur.

"Kun ji! Kun ji da kunnenku! Alhaji, ka ji ko ba ka ji ba? Har da kaɗa hannu! Wallahi ko harafi bai canja ba! Abdu, sai ka cika alkawari, yau ɗin nan!"

Abdulrasheed bai motsa ba.

Kalmar nan ya san ta. Ya san ta kamar yunwar cikinsa. Direbobin kwantena na gaya masa ita kullum. In ya ce a kawo mota da asuba, ita ce amsa. In ya ce a ƙara masa kwana, ita ce amsa.

Ya juya wajen Baffa.

"Baffa..."

"Kar ka ce min komai! Ciniki ya faɗa!"

"Baffa, don girman Allah. Abin da ya gaya maka ke nan wancan karon? Wannan ɗin dai? Ba wani abu gaba, ba wani abu baya?"

"Shi! Sau biyu ya faɗa, kamar yau!"

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Abdulrasheed, shi ba dariya ba, shi ba kuka ba. Ya zame daga kujera ya kai goshinsa ƙasa, nan kan tayil ɗin asibiti.

Likita ya miƙe a tsorace. Alhaji Alhasan ya yi masa alamar ya zauna, shi kansa kafaɗunsa rawa suke don dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Dogara," ya ce da kyar. "Fassara min. Don Allah fassara min, in ƙaru."

"Kai da ka yi boko a nan sai na fassara maka? Meyo, babu. Ko yaron goye ya san wannan."

"Bon, to. Wanti fa?"

"Wanti ai Turancinsu ne. In ka ratsa kasuwa ba yu wanti, yu wanti suke maka ba? Kana so. Meyo wanti: ko kana so, babu!"

Alhaji ya riƙe ciki. Sai da ya dafa bango.

"Wayyo Kanawa! Wayyo Allah na! Dogara, wannan wantin ba na Bature ba ne, nasu ne na gado. Matsala ke nan a bakinsu. Meyo wanti, babu matsala! Ka tambayi mutum ko yaro zai haihu, ya ce maka babu matsala, ka yanke maganar biyu, ka ɗauki kai ka bar gangar jiki!"



"Ƙarya ne," in ji Baffa. Amma muryar ta sauka.

"Tsaya ma. Duk shekarun nan in mai shago ya ce maka meyo wanti, me kake yi?"

"Ficewa nake. In tsaya yin me, mutum ya ce ko ina so babu?"

"La'ilaha illallahu! Ana ce maka an yarda da tayinka, kana fita kana zagin mutane!"

"Kun haɗa baki ne! Kai da yaron nan!"

Abdulrasheed ya ɗago, fuskarsa sharkaf. Ya sa hannu a aljihun babbar rigar Baffa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi, ya zaro wayar Baffan, ya buɗe mai fassara, ya kara wa likita a baki.

Likita ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita a hankali.

Waya ta faɗa da Turancin da ko Baffa ba ya bukatar tafinta: no problem.

Baffa ya nemi kujera.

*

Da Alhaji ya warware wa likita abin da ake ciki, murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ya cire tabarau ya yi magana mai tsawo, yana yi yana duban Baffa.

"Me yake cewa?" in ji Abdulrasheed.

"Ya ce shago biyu Allah ya ba ka. Ɗaya ya ƙone, an rushe shi. Ɗayan kuwa lafiyarsa lau, ciniki yake kamar ranar kasuwa. Ya ce ɗaya in yana da lafiya ya isa haihuwa, ya isa ƙarfin namiji. Abin da ka bayar a roba sun duba, masu rai ne, suna da yawa, suna gudu."

"Alhamdu lillahi."

"Ya ce ba kowa ke dacewa haka ba. Akwai wanda duka irin wannan ke rage masa, akwai wanda wurin ke shanyewa daga baya, musamman masu zama a gida suna gashi don kunya har abu ya lalace. Duk wanda ya bugu a nan, ya ga kumburi, ko zafi ya ƙi sauka, ko amai, a ranar ake zuwa, ba a kwana. Kuma ko an ji shakka, awo ake yi, ba zato ba. Ya ce kai kuma ka kiyaye wanda ya rage, ka bar wa leburori ƙofar kwantena."

Likita ya ƙara wata magana, ya nuna Baffa da biro.

Alhaji ya juya wajen Baffa.

"Ya ce wanda ya kawo ka da wuri ran nan ya yi maka babban gata. Dogara, kai ke nan. Ƙafarka ta cece shi, bakinka ya kusa kashe shi."

Baffa ya share gumi da hannun riga. Amma tsohon ɗan kasuwa ba ya faɗuwa sau ɗaya.

"To... to ai don yana iya haihuwa, ba shi ke nuna cikin..."

"Dogara!"

Wasa ya bar fuskar Badamagare.

"Ka gan ta da wani? Ka ji an gan ta? Kana da shaidu huɗu? Hujjarka ɗaya ce tak, meyo, ga gawarta nan a ƙasa. In ka ƙara kalma ɗaya a kan yarinyar nan ƙazafi ne tsagwaronsa, ka kuwa san kuɗinsa a shari'a. A bayanka ake biya."

Baffa ya sunkuyar da kai.

Abdulrasheed ya kama hannun likita da hannu biyu.

"Shiyeshiye. Shiyeshiye, dakta."

"Meyo wanti," in ji likita.

Baffa ya zabura kamar an tsikare shi.

*

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, gidan abincin Hajiya Wasilatu ya cika har bakin lif. Wanda bai taɓa cin wake da shinkafar Kumasi ba ran nan ya zo ci. Labari ya riga kowa isowa.

Abdulrasheed ya sa farar shadda. Tun da abin nan ya faru ta gefen bango yake shigowa wurin nan, ya ci abinci kansa a ƙasa, yana jin ana ƙus-ƙus ana cewa ga meyo nan. Yau ta tsakiya ya ratso. Masu ƙus-ƙus ɗin su ne suka fara miƙo hannu.

"Angon ƙarni!"

"Mai ɗaya tamkar da dubu!"

"Wallahi ni dama ban taɓa yarda ba."

"Kai Illa, rufa mana baki, kai ka fi kowa yaɗawa!"

Alhaji Alhasan ya buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, Alhaji Dogara na da saƙo. Da Hausa zai yi, kar kowa ya tsorata."

Dariya ta tashi kamar rufin zai yaye.

Baffa ya miƙe. A ba shi abinsa, bai gudu ba, bai aiko da uzurin ciwon kai ba. Ya danna wayarsa a kan gurup ɗin gida, ya ɗaga ta daidai baki, don jifa ɗaya ya kashe tsuntsayen biyu.

"Salamu alaikum. Ni ne Dogara. Maganar da na kawo muku a kan Abdu da iyalinsa, ni na ji ta ba daidai ba. Likita cewa ya yi babu matsala. Yaro lafiyarsa ƙalau. Ciki nasa ne, jininmu ne. Yarinya ba ta yi komai ba. Duk wanda ya ji daga bakina ya kai gaba, ya bi ya karɓo. Na tuba ga Allah."

Ya saki saƙon.

Ba a gama kabbara ba amsa ta shigo daga Kano. Hajiyar Abdulrasheed ce. Ba magana a ciki, guɗa ce zalla, doguwa, ta ƙare da kuka. Saƙo na biyu ya biyo baya: "Ku ba ni 'yata! Ku sa min Firdausi a waya! Dogara kuwa, Allah ya kawo ka Kano lafiya, ina nan ina jiranka."

"Wannan kam wanti ce," wani ya faɗa daga baya.

"Alhaji Wanti!"

Shi ke nan, suna ya kama. Kafin la'asar har 'yan Mali na hawa na ƙasa sun iya shi.

Hajiya Wasilatu ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Hausar Kumasi ba ta raba mace da namiji, kowa shi ne a wurinta.

"Alhaji, saura ɗaya. Yarinyan nan ya kwana yana kuka a ɗakina har na daina ƙirga. Bai ci abinci, bai barci. Ga shi can ciki. Ka tafi da kanka."

Ta ɗaga labule.

Firdausi na zaune a bakin katifa da hijabi ruwan toka, ciki ya yi gaba, ƙafafu sun kumbura. Ta rame, amma idonta a bushe yake.

Baffa ya tsaya a bakin ƙofa. Hannunsa ya tafi kai a hankali, kamar hular dutse ce. Ya cire. Sanƙo ya bayyana, wanda ko yaran shagonsa ba su taɓa gani ba.

"'Yata. Na zalunce ki. Ki yafe min."

"Baffa, don Allah mayar da hularka." Muryarta ba ta rawa. "Uba ba ya tsaya wa 'yarsa haka. Na yafe, duniya da lahira."

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya raba lafiya. Rago kuma..."

"Mai ƙaho, Baffa."

"Mai ƙaho."

Mata suka ɗauki guɗa a kicin. Maza na tafi a waje. Abdulrasheed ji yake kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya ratsa ya shiga, bakinsa har kunne, ya sunkuya ya ɗauki jakarta da ke jingine a bango.

"Tashi mu tafi gida, Firdausi. Mota na ƙasa. An wanke mu."

"An wanke ka dai, Malam. Ni dama ban yi datti ba."

Ya tsaya da jaka a hannu.

"Na ji an ce ciniki kuka ƙulla da Baffa. Har da shaida."

"Wannan... ai don a rufe bakin mutane ne."

"Me ka ɗora?"

Ya dubi jakar da ke hannunsa.

"Baffa ya ɗora hularsa da rago. Kai me ka ɗora?"

Hajiya Wasilatu ta saki labule a hankali ta koma kicin. Baffa ya sulale.

"Firdausi, ai ga shi Allah ya..."

"Da a ce dukan nan ya taɓa ɗayan daga baya fa? Da likita ya duba ranar ya ce ya ga rauni? Cikin nan zai tashi daga naka ne?"

Ya dubi ƙasa.

"Baffa na yafe masa, don uzurinsa a fili yake. Da Sinanci aka yi masa magana, bai iya ba." Ta dafa katifa ta miƙe da kyar, ta tsaya daf da shi. "Ni kuwa da wane yare na rantse maka, Malam?"

"Firdausi..."

"Da Hausa na yi maka. Hausar Kano, wadda aka yi maka raɗar suna da ita. Da Alƙur'ani a hannuna. Wa ya fassara maka ita ba daidai ba?"

Ta sa hannu ta karɓe jakarta. Ba fizga ta yi ba, a hankali ta zare, ta mayar da ita inda take.

"Je ka, abokanka na jiranka. Yau ranarka ce."

Yana fita, ta tura ƙofa.

*

To, kasuwa ta tashi, sai a duba wa ya ci wa ya faɗi.

Baffa Dogara ya yi asarar rago, ya yi asarar sunan da ubansa ya raɗa masa, ga Hajiya na jiransa a Kano. Amma ya ƙaru da kalma ɗaya, kuma tun daga ranar ya daina ficewa daga shagon da aka sallama masa kaya.

Alhaji Alhasan ya samu abin tsokanar Kanawa har ya koma ga Allah.

Masu ƙus-ƙus sun yi asarar abin hira. Hajiya Wasilatu ta sayar da tukunya har ƙanzo.

Na cikin ciki ya samu uba, ya samu dangi, tun bai san an yi ba.

Firdausi ta fi kowa riba. Sunanta ya dawo fes, a bakin wanda ya ɓata shi, a gaban waɗanda suka ji, ba tare da ta taka ko bakin ƙofa ba.

Shi kuwa Abdulrasheed, ya shiga asibiti rabin mutum ya fito cikakke, Xiaobei kaf ta shaida. Ga shi can tsaye a bakin ƙofar da aka tura, cikin farar shadda, ana ta tafa masa a baya.

Likita dai ya ce meyo wanti.

Firdausi ba ta ce ba.